Jan Zare a Kaskon Maiwada

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Makarfi da safiyar ranar kasuwa, ya bi lungun da ke bayan rumfunan masu shayi, ya san gidan wankan Alhaji Sada. In ma bai san mai gidan ba, ya san Maiwada, siririn dattijon nan mai tabon ƙuna a dantsen dama, wanda kullum za ka tarar da shi tsaye a bakin kaskon ruwan zafi da doguwar gora a hannu, ya ƙura wa ruwa ido.

Kaskon ba irin na tuya ba ne. Rabin wani tsohon tankin ƙarfe ne aka yanka, aka kankare, aka girke a kan murhun bulo, ana cusa masa itace da totuwar masara ta ƙasa. Daga nan ake ɗiba a surka wa mai wanka a bokiti, ya ɗauka ya shige ɗaya daga cikin 'yan ɗakunan da ke jere jikin bango. Direbobin manyan motoci ne ke zuwa, da 'yan dako, da fataken hatsi masu tasowa daga Ikara da Kudan. Akwai wani gidan wankan a can ƙofar kasuwa, amma mutane sun fi son nan, don ruwan Maiwada kana iya hango gindin kaskon ta cikinsa.

Aikin ba ƙarami ba ne, domin kaskon a gindin darbejiya yake. Ganye ya faɗo, fure ya zubo, toka ta taso daga murhu ta kwanta a saman ruwan, ga zanzaro da ƙuda masu zuwa sha su mutu a ciki. Maiwada ya lanƙwasa waya ya yi zobe, ya ɗinke shi da yankin gidan sauro, ya ɗaure a bakin gora. Da wannan matatar yake yaɗe saman ruwan tun daga fitowar rana har ya kashe wuta. Yana da dokokinsa kuma. Bokitin da ya taɓa shiga ɗakin wanka ba ya kusantar kasko, gugansa kaɗai ke shiga. Mai sabulu a hannu ba ya taɓa bakin ƙarfen. Wanda ya zo yana shan rake kuwa, sai ya je can bayan katanga ya tofar da tukarsa kafin a saurare shi.

A ƙauyensu na wajen Gazara ya koyi yaɗe ruwa, ba a gidan wanka ba. Tun yana saurayi yake tsayawa a bakin kaskon mazarƙwaila na wani ɗan'uwan mahaifinsa, yana kwashe baƙar kumfar da ke tasowa in ruwan rake ya tafasa. A nan ya samu ƙunar hannunsa. Ya daɗe a aikin, har ya yi aure ya haihu a cikinsa. Sai wata shekara, ana tsakar kakar rake, girki guda ya lalace a hannunsa. Mazarƙwailar ta ƙi daskarewa, ta yi baƙi, tana tashin warin kananzir. Mai injin ya ɗora masa laifin a gaban jama'a. Maiwada ya rantse wani ne ya faki idonsa ya zuba, amma ba a taɓa gano ko wane ne ba, kuma babu wanda ya tsaya masa. Ya tattara iyalinsa ya dawo cikin Makarfi. Tun daga nan, in abu ya faɗi a gabansa, Maiwada ba ya tambayar me ya faɗi. Wa ya yar yake tambaya.

A duk tashar mutum ɗaya ya saki jiki da shi, wato Ilisha mai wankin mota, wanda katanga kawai ta raba su. Ilisha Bahaushe ne Kirista daga wani ƙauye kusa da Janfalan, ƙaƙƙarfa mai yawan dariya. Shi ke da rijiyar burtsatse, kuma kowace safiya shi ke tayar da janareta ya tura ruwa cikin baƙin tankin roba na gidan wankan, wanda ke can sama a kan ƙafafun ƙarfe, an yi masa 'yar rumfar kwano don kada rana ta cinye shi. Daga tankin ne bututu ke saukowa zuwa bakin kasko. In rana ta yi tsaka aiki ya lafa, Ilisha kan zagayo ya zauna a bencin Maiwada su fere rake. Da Kirsimeti matarsa Judith kan aiko da shinkafa, da layya Maiwada kan kai musu cinya.

Abin ya faro ne a farkon wata damina, bayan wata iska mai ƙarfi da ta kwashe rufin rumfuna da dama a kasuwa. Ranar kasuwa ce, gidan ya cika, ana yayyafi kowa yana neman ruwan zafi. Sai ga Ɗayyabu, wani direban tirela mai ƙaton murya, ya fito daga ɗakin wanka da tawul a wuya, ya ɗaga wani abu tsakanin yatsunsa biyu.

"Baba Maiwada, wannan tsarabar fa? A bayana na tsince ta."

Maiwada ya karɓa ya shimfiɗa a tafin hannu. Jan zare ne, ya cukuikuye da 'yan silin gashin mutum, ga wani ɗan farin gashin tsuntsu maƙale a jiki. Masu jiran layi suka leƙo. Wani ya yi dariya. Wani ɗan dako kuwa ya ja da baya ya ce, "Kai, wannan ai irin abin da ake binnewa a ƙofar shago ne."

Aka yi ta raha, aka watse. Maiwada bai yi dariya ba. Duk abin da ke faɗawa kaskonsa ya san shi, ya san daga inda yake zuwa. Darbejiya ba ta zubar da zare, murhu ba ya tayar da gashin mutum.

Da yamma ya kwashe ruwan kaf, ya shiga cikin kaskon da toka da soson ƙarfe ya goge shi har hannuwansa suka yi ja. Ya cika shi da sabon ruwa, ya rufe da fallayen kwano, ya danne da duwatsu. Washegari bayan sallar asuba ya ɗaga kwanon. A tsakiyar ruwan, ga wani jan zaren yana juyawa a hankali, da gashi a jikinsa.

Ya samo gwangwanin madara ya fara tarawa a ciki. Ya kuma fara lissafin mutane. Ja'afar mai aski yana bakin lungun, kullum ƙasan rumfarsa cike da gashi, kuma sun taɓa yin cacar baki a kan ruwan wanki da yake kwararowa ta ƙofarsa. Kusa da shi akwai tela. Maiwada ya wuce ta gabansu sau da yawa kamar mai zuwa sayen goro, yana satar kallon ƙasa. A wajen telan ya ga zare kala-kala, har da ja. Ya dawo yana gyaɗa kai. Masu wanka ma bai bar su ba. Kowa ya nufo kasko sai ya bi hannunsa da ido, in hannun yana cikin aljihu sai ya ce, "Tsaya daga nan, zan miƙo maka." Wasu suka fara jin haushi. Wani bafatake daga Kudan, wanda ya shekara yana wanka a gidan, ya ajiye bokitin ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a riƙa binsa da kallo, ya tafi ƙofar kasuwa bai sake dawowa ba.

Maiwada ya matsa wa Alhaji Sada har ya yarda aka kira mai walda ya yi wa kaskon murfin ƙarfe mai kwaɗo. Makullin yana ɗaure a igiyar wandonsa, ko matarsa ba ta taɓa shi. Kwana biyu ruwan ya fito fes, har ya fara sakin fuska. Ranar da ta biyo baya ya buɗe kwaɗon da hannunsa, ya tarar da zare, wannan karon ja da baƙi a haɗe.

Ya daɗe a tsaye yana kallon murfin. Babu wata kafa da ta rage sai 'yar hudar da bututun ya shiga ta cikinta. Ya yage ƙyalle daga wata tsohuwar riga ya ɗaure a bakin bututun, ya buɗe famfo. Da kaskon ya cika ya kwance ƙyallen. Ga su nan a ciki, zare, gashi, da 'yan ɓuraguzan ciyawa.

To, ta cikin ruwan suke zuwa. Ruwan kuwa hannun mutum ɗaya yake bi.

Sai a lokacin ya tuna da bulon da aka sauke wa Ilisha kwanakin baya. Ya leƙa ta saman katanga ya ga magina sun fara ɗora gini a bayan wurin wankin motar, ɗan ƙaramin ɗaki mai kwata a gefe. Mai rijiya, ga fili, ga direbobi suna kawo masa motoci kullum. Me ya rage masa in ba gidan wanka ba?

Da ya koma gida ya ajiye gwangwanin a gaban matarsa Hafiza, tana tsaka da gyaran wake. Ta leƙa ciki ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan ƙazantar ka shigo min da ita?"

Ya kwashe labarin ya faɗa mata tun daga Ɗayyabu har zuwa ginin. Ta saurara ba ta daina tsintar waken ba.

"To ka tambaye shi mana. Mutumin da kuke cin abinci kwano ɗaya."

"Wanda ya yi irin wannan, tambaya ce za ta sa ya ce shi ne?"

"In ba shi ba ne fa?"

"To wane ne? Ke faɗa min."

"Ni ina zan sani? Amma in jan zare ne shaida, nima ina da jan zani a cikin akwati, sai ka je ka duba ko ya zare." Ta tura masa gwangwanin da gefen faranti. "Ilisha baban Happiness ne fa ya ɗauke ka a mashin ya kai ka asibiti da ciwon cikin nan ya kama ka. Ka ji tsoron Allah."

"Shi ya sa abin ya fi ciwo," in ji Maiwada.

Daga ranar gaisuwarsa da Ilisha ta gajarce. In Ilisha ya ɗago hannu ta kan katanga ya fara jero tambayar gida da iyali da gajiya, Maiwada sai ya ce lafiya lau ya juya ga wutarsa. Ilisha ya zagayo da rake da rana, Maiwada ya ce haƙorinsa ke ciwo. Ya sake zuwa, ya tarar an kife bencin an jingina da bango. Bai ƙara zuwa ba.

Maiwada ya shirya ya tafi shagon hatsin Alhaji Sada, ya durƙusa suka gaisa, sannan ya buɗe gwangwanin.

"Alhaji, so nake a canja inda muke samun ruwa. Ko 'yan kura ne a riƙa kawowa."

Alhaji ya kalli gwangwanin ya kalle shi. "Ka gan shi da idonka yana zubawa?"

"Ban gan shi ba, ranka ya daɗe, amma..."

"To ka gan shi tukuna. Ba zan ɓata da maƙwabci a kan tsummoki ba. Kai kuma ka rage zare wa mutane ido, an kawo min ƙararka."

Ya fito ransa a jagule. A hanya har ya fara tunanin ko Ilisha ya riga shi zuwa wajen Alhajin.

Ganin da aka ce ya yi, wuri ɗaya ne zai ba shi. Daga saman ƙarfen da tankin ke kai, ana hango har bakin rijiyar Ilisha. Ya zaɓi ranar da ba kasuwa, da hantsi, lokacin da Ilisha ya saba tayar da janareta. Ya naɗe rigarsa ya kama 'yan ƙarafunan da aka liƙa a jikin ƙafar tankin a matsayin matakala. Tsatsa ta cinye su, tana marmashewa a hannunsa. Tun da aka girke tankin bai taɓa hawa ba, kuma gwiwoyinsa ba na da ba ne. Ya kai sama yana haki, ya raɓe a bayan tankin, ya leƙa.

Ilisha ya fito da singileti, ya ja igiyar janareta ta ƙi tashi, ya zage ta, ya sake ja ta tashi. Ya murɗa famfon da ke tura ruwa gidan wanka. Daga nan ya ɗauki soso ya hau wanke wani mashin yana 'yar waƙarsa ta coci. Ko kusa da bututun bai sake zuwa ba. Maiwada ya ce a ransa, wataƙila ya riga ya zuba tun da sassafe.

Yana cikin wannan tunanin wani abu ya wuce fir ta gefen kunnensa. Ya ɗaga kai. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne ya sauka a kan katakon rumfar, da wani dogon abu a baki yana lilo. Zare ne. Tsuntsun ya kalle shi da ido ɗaya, ya shige lungun da kwano ya haɗu da katako. A nan aka cusa wata ƙatuwar sheƙa, ciyawa da gashi da zarurruka kala-kala suna reto daga jikinta. Maiwada ya miƙe a hankali ya dubi abin da ke ƙarƙashinta. Bakin tankin a buɗe yake wangam. Babu murfi. Ruwan Ilisha yana kwararowa ciki fari tas, a samansa kuma ga tarkacen da ya zubo daga sheƙar yana zagayawa.

Tsuntsun ya fito ya tashi, Maiwada ya bi shi da kallo har ya ga ya sauka a gaban rumfar Ja'afar mai aski yana tsattsagar ƙasa.

Da ya juyo zai sauka, ya ɗora ƙafa a ƙarfen farko, sai ƙarfen ya ɓalle ya faɗi ƙasa da ƙara. Ya rungume ƙafar tankin ya ja jikinsa ya koma sama. Na biyun yana can nesa da inda ƙafarsa za ta kai. Gidan wankan babu kowa. Ya zauna ya jira ko wani zai shigo, rana tana ƙara zafi, kwanon yana gasa masa kai. A duk lungun ya san mutum ɗaya ne ke da dogon tsani, wanda yake hawa ya wanke saman tireloli.

"Ilisha!" Janareta na ƙara. Sai da ya kira sau da yawa kafin Ilisha ya ɗago ya kare ido da hannu.

Ilisha ya kashe janaretar, ya saɓo tsanin ya zagayo ta lungu, ya jingina, ya danne gindinsa da ƙafa. Maiwada ya sauko a hankali.

"Sannu, Malam Maiwada," in ji Ilisha. "Ka ga abin da ka hau nema?"

Maiwada ya kakkaɓe tsatsa daga hannunsa. "Tsuntsu ne ya yi sheƙa a saman tankin."

"Tsuntsu."

"Murfin ne babu."

"To." Ilisha ya goge hannu a singiletinsa. "Ni kuwa a wajen mai shayi na ji cewa ni nake yi maka asiri a ruwa. Yarana ma sun ji a makaranta. Happiness ta dawo tana tambayata ko gaskiya ne."

Maiwada ya sunkuyar da kai. Ya san abin da ya kamata ya faɗa, yana nan a bakinsa. Amma abin da ya fito daban ne.

"Sai dai ban san wanda ya cire murfin ba."

Ilisha ya dube shi, dogon kallo, babu dariyar nan tasa. "Iska ce, Malam. Wadda ta kwashe rufin kasuwa. Ko ita ma ni na turo ta?" Ya saɓa tsaninsa ya fita.

A makon nan aka kwashe ruwan tankin aka wanke shi, aka sa sabon murfi aka ɗaure da waya. Maiwada ya ɗinka wa bakin bututun ɗan gidan sauro, yana cirewa ya wanke kowace safiya. Sheƙar ya ce a bar ta, tunda akwai ƙwai a ciki kuma yanzu ba abin da za ta zuba wa. Tsohon murfin an tsince shi daga baya a cikin kwatar bayan masallaci, ya tsage biyu. Ruwan kasko ya koma yadda yake. Ginin Ilisha kuwa da aka gama, injin markaɗe aka sa wa Judith a ciki.

Hafiza ce ta hana shi sakat har ya sayi rake mai kyau ya zagaya wurin wankin motar. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce shaiɗan ne ya shiga tsakani, a yi haƙuri. Ilisha ya karɓi raken ya ce ba komai, ya wuce. Har yau yana tura ruwa a kan lokaci, suna gaisawa ta kan katanga, shinkafar Kirsimeti ma ba ta fasa zuwa ba. Amma bai sake zama a bencin ba, Maiwada kuma bai san yadda zai ce masa ya zo ba.

Maganar murfin bai sake yi da kowa ba sai Hafiza. Ita kaɗai yake ce wa murfin roba mai murɗi ba ya tashi haka kawai, sai in dama wani ya sassauta shi. In ya fara, sai ta tashi ta shiga madafa.

Yanzu furfura ta gama cin gemunsa, hannun da ke riƙe gorar ya fara rawa. Kwanan baya Alhaji Sada ya leƙo gidan wankan, ya yaba da hasken ruwan, sannan ya ce yana tunanin samo wani ya riƙa kama masa faskare da ɗaukar bokitai, don ya ɗan huta. Maiwada ya yi godiya, ya raka shi har bakin lungu. Da ya koma gida, ko zama bai yi ba ya ce wa Hafiza, "Alhaji bai taɓa tunanin hutuna ba tsawon shekarun nan. Ke a ganinki, wa ya je ya kitsa masa wannan maganar?"